Ƙararrawar da Muka Kai Garin Kaka a Keken Taki

Laifin bakina ne tun farko, wannan ba na musu. Da hutun makarantar bara na je ƙauyenmu, can bayan Samaru, wajen kakata wadda ta haifi babana. Mu Maguzawa ne asali. Babana ne ya fara barin gida, ya zo Sabon Gari ya kama aiki a loko inda ake gyaran kan jirgin ƙasa, a nan ya zama mai bi. Daga baya waɗansu gidaje a ƙauyen suka bi sahunsa, har suka gina 'yar majami'a ta jinka. Kaka kuwa ko inuwar ginin ba ta yarda ta taka ba. Ta ce abin da ta tarar iyayenta suna yi ya ishe ta, a bar ta da lofenta da tukunyar giyarta.

Ni da ita akwai wasan jika da kaka. Ita ta kira ni mijin banza, ni in kira ta amarya. Ran nan tana ɓarar gyaɗa ina taya ta ci, sai na ce mata da girbi za mu zo, mu mawaƙan majami'armu, mu yi bishara a ƙauyukan nan, kuma a mota za mu zo, da ƙararrawa.

Ta ce, "Wace irin mota?"

Na ce, "Irin wadda in ta yi kuka a Samaru kajinku za su daina ƙwai."

"Ƙararrawar fa?"

"In aka buga ta a nan, babana zai ji daga loko ya ajiye guduma. Kuma ni zan yi karatun Littafi ranar Lahadi, gaban kowa da kowa."

Ta cire lofe daga baki ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Mijin banza, in ka shigo garin nan a mota, na kuma ji kukan ƙarfen naka kafin rana ta faɗi ranar Asabar, zan shiga ɗakin naku in ji karatun da aka hana ka noma saboda shi. In ba haka ba, kar ka ƙara damuna da zancen." A gaban matan gida ta faɗa, suka ce sun shaida.

Da na dawo na ba babana labari ina dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce tun ba a haife ni ba yake roƙonta ta shiga majami'a ko sau ɗaya ne. Shi ya nemi izini a wurin aiki aka ba shi guntun ƙarfen dogo, irin na layin jirgi, da aka daina amfani da shi, ya huda kansa, ya zura igiya. Wannan ita ce ƙararrawar. Tsawonta ya kai na babban mutum, nauyinta kuwa, in ka tambaye ni, ya kai na jakai uku da kayansu. Aiki ba zai bar shi ya bi mu ba, sai ya kira ni gefe ya ce, "Abu ɗaya zan gaya maka. In kun gaji kar ku kwantar da shi a ƙasa. Ɗagowa daga ƙasa ita ke karya baya. Ku rataye shi a reshe, in kun huta ku sa kafaɗa ku zare."

Shugaban tafiyar Malam ne, mai bisharar majami'armu. Kafin ya shiga aikin Ubangiji akawu ne a tashar jirgi, kuma har yau bai yarda ya bar tashar ba. Yana da agogon aljihu mai sarƙa. Ya ja layi da jan tawada a doguwar takarda ya tsara tafiyar: Jumma'a ƙarfe shida tashi, ƙarfe tara isowa, kwana biyu ana waƙa da wa'azi a unguwanni, Asabar ƙarfe huɗu addu'ar keɓe ƙararrawa sannan bugun fari, Lahadi sujada. Ina jin har lokacin da za mu yi atishawa ya rubuta. Ya kuma kafa doka guda: wanda ya buga ƙarfen nan kafin a keɓe shi da addu'a, ba shi ba karatu, ba shi ba waƙa. Da yake faɗin haka ni yake kallo, ban san dalili ba.

Mu goma sha biyu ne: samari huɗu, 'yan mata shida, Malam, sai shugabar matan ikilisiya da aka haɗa mu da ita ta kula da 'yan matan. Gwaggo muke ce mata. Mace ce mai jiki, ba ta gudu, ba ta kuma makara.

Jumma'a tun kafin shida muna ƙofar majami'a, kowa ya sa fararen kaya. Ni har man gyaɗa na shafa a ƙafa saboda amarya ta gani. Shida ta yi, ba mota. Bakwai, ba mota. Malam yana fitar da agogo yana mayarwa har na ji tausayin aljihun. Muka cinye ƙosan da Gwaggo ta soya don hanya, muka cinye na gobe. Masu tafiya loko suka wuce mu suna cewa a sauka lafiya. Da suka fito cin abincin rana suka same mu a nan, suka ce, "A'a, har kun dawo?"

Sai wajen azahar babbar motar ta iso, tana tari kamar tsohon da ya shaƙi barkono. Direban ya leƙo yana washe baki, ya ce, "Malam, ba komai, yanzu-yanzu za mu kai." Malam ya nuna masa agogo. Direba ya yaba kyan agogon.

Muka ɗora ƙarfe, muka ɗora akwatin littattafai da ganga da tabarmi, muka hau. Daga Sabon Gari zuwa Palladan na yafe wa direba komai. Iska tana kaɗa rigata, muna rera waƙa, ina ɗaga wa masu keke hannu kamar ni na ƙera motar. A Palladan ta yi shiru. Direba ya ce a ɗan taɓa ta. Muka sauka muka tura, ta tashi, muka bi ta da gudu muka hau, ta sake mutuwa. Haka muka yi ta yi. In za a faɗi gaskiya, mu muka kai motar Samaru, ita dai ta riƙe mana kaya. Fararen kayanmu suka koma kalar kunun kanwa.

A Samaru, daidai gefen gandun gwamnati inda Turawa ke gwajin iri, wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashinta, ta saki baƙin mai a ƙasa, ta kwanta. Direba ya shiga ƙarƙashi ya fito da wani ƙarfe a hannu, ya ce sai ya koma Sabon Gari ya samo irinsa. Ya ari keke. Ya ce, "Gobe da sassafe, kafin zakara ya sauko."

Wani mai bi da ke aiki a gandun ya sauke mu a gidansa. Da gari ya waye Malam ya fita bakin titi ya tsaya da agogo a hannu. Na je na tsaya kusa da shi. Tunda uwata ta haife ni, ranar ce kaɗai ni da Malam muka zama bakinmu ɗaya. Shi yana jiran mota saboda takarda ta ce mota, ni ina jiran mota saboda na cika baki. Zakara ya sauko, ya yi kiwo, ya gaji, ya koma inuwa. Duk ƙurar da ta taso daga wajen Palladan sai in ce ga shi nan, sai ta zama mai jaki.

Gwaggo ba ta fito titi ba ko sau ɗaya. Tana cikin gida da matar mai masaukinmu suna ƙus-ƙus. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta fito tana gyara ɗaurin zane, ta ce, "Malam, na samo mana abin tafiya. Wan matar gidan nan yana da keken shanu, ya ce zai kai mana kayan, mu mu bi a ƙasa."

Malam ya ce, "Gwaggo, an yi magana da mai mota. In ya zo bai same mu ba fa?"

"Sai ya san yadda muka ji jiya."

Na ce, "Gwaggo, don Allah mu ƙara jira kaɗan. Ni fa ba zan shiga garin nan a bayan sa ba."

Ta juyo ta dube ni. "Kai kuma a wa? To ku zauna kai da Malam ku yi ta gadinta. In ta haihu ku kawo mana ɗan." 'Yan matan suka fashe da dariya, har da wadda ba na son ta yi mini dariya.

Malam ya ƙara mana sa'a guda cur a bakin titin nan, wai don kada a ce mu muka saɓa. Sai da rana ta take tsaka sannan ya zaro fensir, ya soke kalma ɗaya a takardarsa kamar mai yanka ɗan akuyar da ya raina, ya ce a kira mai shanun.

Keken ya zo. Ban taɓa jin abin da ya kai shi wari ba. Ashe da shi ake kwasar taki daga garke zuwa gona, kuma da safen nan ma ya yi sawu biyu. Mai shi dattijo ne mai fara'a, ya ce ya share. Ban san da me ya share ba. Gwaggo ta sa aka shimfiɗa kara, aka ɗora ƙarfen da akwati da ganga, aka ce mutum ɗaya ya hau ya riƙe ƙarfen kada ya zame. Kowa ya dubi sama. Malam ya ce, "Ɗan mai ƙarfe ya hau."

Haka na bar Samaru, a zaune cikin keken taki, na rungume ƙarfen dogo, ƙudajen ƙasar Zazzau kaf suna yi mini rakiya. Shanun nan biyu kuwa ba su taɓa jin labarin sauri ba. Wata tsohuwa da tulu a ka ta wuce mu, ta je inda za ta, ta dawo ta sake wuce mu, ta yi mana sannu da hanya sau biyu. Na ce wa dattijon, "Baba, ba a ɗan taɓa su?" Ya ce, "Yaro, sa ba ya son a nuna masa gaggawa. In ka matsa masa sai ya kwanta." Na ce ai irinsa muka baro a Samaru.

Hanyar ta bar titi ta shiga cikin gonakin dawa. Waƙa ta ƙare tun jiya. Takalmin Malam ya fara cin ƙafarsa, amma ya ƙi cirewa. Ni ba abin da nake kallo sai rana. Maganar mota dai ta wuce, na haƙura da ita. Na ce a raina in ƙarfen ya yi kuka kafin faɗuwar rana, wataƙila in lallaɓa Kaka da baki, tunda baki ne sana'ata.

La'asar sakaliya muka iso rafin da ke gaban ƙauyen. Ruwan iya gwiwa ne, amma gangaren ya yi tsayi, ƙasan kuma yashi. Dattijo ya tsayar da shanu ya ce iyakarsa ke nan, in ya sauka da keken sai dai a haƙo shi baɗi. Gwaggo ta yi masa godiya ta sa masa albarka, ya juya. Wallahi da suka fuskanci gida shanun nan har sassarfa suke yi.

Mu huɗu muka sa kafaɗa. Ƙarfen dogo ba a yi shi don kafaɗar ɗan makaranta ba. Yana da baki kamar wuƙa mara kaifi, yana neman ƙashi. Muka gangara muna zagin juna a hankali don kada Malam ya ji, muka ratsa ruwan, na gaba ya zame, na baya ya yi ihu, ni a tsakiya na ga kakannina da suka mutu suna yi mini hannu. Da ƙyar muka haye. Abokaina za su yar da shi, na tuna maganar babana na ce a'a, a rataye. Akwai wata ɗorawa a bakin gaɓa mai reshe ƙasa-ƙasa. Muka jefa igiya muka ɗaure, ƙarfen ya tsaya yana lilo. Muka zube.

Daga nan ana hango kan rimin ƙauyenmu, amma da sauran tafiya mai kyau, ga tudu. Rana ta rage kamar kamu ɗaya ta taɓa kan dawa. Malam ya zauna a kan akwati, ya cire takalmin a ƙarshe, ya buɗe agogo. Ya ce, "Lokacin keɓewa ya wuce. Za mu huta, mu ƙarasa a hankali. Gobe da safe a yi addu'ar."

Na miƙe. "Malam, gobe? Don Allah a yi addu'ar a nan. Ga mu, ga ƙarfe, ga itace."

"A daji? Ba dattawan ikilisiya, ba majami'a? Ba a haka."

"Malam, Kaka ta ce kafin rana ta faɗi."

"Na san abin da kakarka ta ce. Ka kuma san abin da na ce."

Na dubi Gwaggo. Gwaggo tana matse bakin zanenta, ta ƙi kallona. Na lissafa abin a raina. In na bar shi, zan yi karatu gobe Kaka tana gida tana shan lofe. In na buga, Kaka za ta ji, amma ba karatun da za ta zo saurare. Kowace hanya na bi ramin ɗaya ne. Ga kafaɗa tana zafi, ga wari, ga ƙosan da aka cinye tun jiya. Ban ce na yanke shawara ba, takaici ne kawai ya ɗauki dutse da hannuna.

Ban taɓa zaton abin zai yi ƙara haka ba. Tsuntsayen ɗorawar suka watse, 'yan mata suka toshe kunne, kukan ya bi rafin ya tafi ya dawo. Malam ya yi tsalle ba takalmi yana kiran sunana. Na ce tunda na riga na mutu bari in mutu da kyau, na ƙara masa, na ƙara, har hannuna ya daina jin komai.

Da ƙarar ta lafa sai muka ji wata: ihu da gudu daga bayan tudun. Dawa ta fara motsi. Maza suka ɓullo, sun fi ashirin, kowa da lauje ko sanda, jiki duk ƙaiƙayi. 'Yan matanmu shida suka shige bayan Gwaggo, kuma ta ishe su. Na gaba-gaban ya tsaya yana haki, ya dube ni da dutse a hannu. Baffana ne, ƙanen babana.

Ya ce, "Kai ne? Mun ce ko jirgin ƙasa ne ya ɓace hanya!"

Ashe gayya ake yi a gonar da ke bayan tudun, ana yankan dawa, garin kaf yana can tun safe, masu bi da waɗanda ba masu bi ba. Dattijon majami'ar ƙauyen yana cikinsu. Ya gaida Malam da hannu biyu, ya ce, "Malam, sannunku da wahala. Ai ko jiya kuka iso ba wanda za ku tarar a gida sai awaki. Satin nan duk gayya ne. Mun so mu aiko, ba mu sami mai zuwa birni ba." Malam ya dubi doguwar takardarsa, ya dubi mutanen, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun da ba na agogo ba.

Mutum biyu suka zare ƙarfen daga igiya suka saɓa kamar karan dawa, suna hira. Mutum biyu! Na so in ce mun riga mun rage masa nauyi.

Kaka tana bakin gonar a zaune kusa da tulunan gayya. Na je na durƙusa. Ta matso da hanci ta shinshina ni, ta ja baya.

"Mijin banza, motar taku ciyawa take ci?"

"Amarya, ta tsaya hutawa a Samaru. Amma kin ji ƙarfen, ga rana can ba ta faɗi ba."

"Na ji. Har haƙorina na ƙarshe ya ji. Abu biyu ka ce, ɗaya ka kawo." Ta mayar da lofe baki, zance ya ƙare.

Lahadi da safe aka rataye ƙarfen a itacen ƙofar majami'a. Malam ya yi addu'a doguwa, ya miƙa wa dattijon majami'a guduma ya yi bugun da takarda ta kira na fari. Ni ina gefe, ina jiran hukuncina. Sai na ji Gwaggo ta tare shi a bayan ginin, ni kuma kunnena ba ya jin kunya.

Malam ya ce, "Na faɗa gaban kowa, wanda ya buga ba zai yi karatu ba."

Gwaggo ta ce, "Ka kuma faɗa gaban kowa za mu iso Jumma'a ƙarfe tara. Yaron nan da bai buga ba da yanzu muna gindin ɗorawa. Ka hore shi, ban hana ba, amma ka dubi uban da ya huda ƙarfen."

Da Malam ya fito ya miƙo mini Littafin ba tare da ya dube ni ba. Ya ce, "Za ka karanta. Amma ba a gaba wajen tebur ba, ba ka isa ba. Can baya, bakin ƙofa, inda masu makara ke tsayawa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Wata uku ina gwada yadda zan tsaya a gaban tebur ɗin nan in gyara murya. Aka cika ɗaki, aka yi waƙa biyu, ina tsaye a baya kamar mai tsaron takalma, ina leƙen hanya. Ba Kaka. Aka yi ta uku. Malam ya ce a yi karatu, mutane suka rasa inda za su juya. Na buɗe Littafin, sai na ji ana jan kujera a ƙasa a bayana.

Ita ce, da 'yar kujerarta ta tsugunno. Ta dasa ta a waje daidai dokin ƙofa, ta zauna, ta miƙo ƙafa ɗaya ciki, ɗayar tana waje. Ta ce, da ƙarfin da har na gaba suka ji, "Rabi ka cika, rabi na cika. Karanta."

Na karanta. Tsakanina da ita bai fi taku ɗaya ba, ina jin warin tabarta. Na yi tuntuɓe sau biyu a wurin da ban taɓa tuntuɓe ba. Har yau ban sani ba ko Malam ya hango haka da ya tura ni bakin ƙofa, ko kuwa horo ne kawai. Ban tambaye shi ba, shi ma ba mai faɗa ba ne. Da na rufe Littafin ta ja bakin rigata ta ce, "Ka cika sauri, kamar ana korarka. Kuma har yanzu kana wari."

A ƙafa muka koma Samaru ranar Litinin. Motar tana nan inda muka bar ta, kaji sun yi gida a ƙarƙashinta. Da na isa Sabon Gari babana yana ƙofar gida, ko kayan aiki bai cire ba. Bai tambayi mota ba, bai tambayi ƙarfe ba. Ya ce, "Ta shiga?"

Na so in ce ta shiga har ta yi waƙa, bakina ya riga ya buɗe. Sai na ce, "Ƙafarta ɗaya, Baba."

Ya ce, "Wacce?"

Na ce ta dama. Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa, sannan ya ce in je in yi wanka kafin in shiga ɗakin uwata.